Shuɗiyar Tabarmar Malamar Yoga Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda dogon numfashi goma ya kasa lallashi, malamar motsa jikin nan na yoga ta ɗakin da ke saman shagon mai ɗinki tana sanar da ɗalibanta, 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shuɗiyar tabarmarta ta roba. Marigayiya ta kwanta dama ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Duk abin da Malama ke koyarwa da baki, marigayiya ce ke aikata shi. An taka ta, an durƙusa mata, masu ƙiba sun zube a kanta da sunan hutawa, ba ta taɓa ɗaga murya ba, in ban da “faf” idan an warware ta da safe, da ɗan “ƙiii” idan diddige mai gumi ya goge ta. Malama kan ce kada mutum ya tilasta wa jikinsa, kada ya yi gasa da na gefensa, ya wadatu da inda hannunsa ya kai yau. Tabarmi masu tsada sun shigo ajin nan sun fita, marigayiya ko kallo ba su ishe ta ba. Malama dai takan ɗan kalla.

Mafi girman halinta riƙon amana. Shekaru sun bar mata farin tabo guda huɗu, biyu na tafin hannu, biyu na tafin ƙafa. Kullum Malama tana faɗa wa ɗalibai su daina leƙen ƙasa, su rufe ido su saurari jikinsu, shi zai gaya musu inda ƙafa za ta tsaya. Ita kuwa tabon nan take satar kallo kafin ta aje tata. Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakin marigayiya.

Ta jima tana fama da tsufa, gefenta ya nannaɗe, tana zubar da ɓarɓashi a wandon kowa. Amma ba ciwon ne ajalinta ba, darasi ne. Ranar Litinin Malama ta yi jawabi a kan sakin abin duniya, ta ce riƙo shi ne tushen wahala, abin da ya gama aikinsa a sallame shi da fara'a. Maganar ta yi daɗi har ɗalibai biyu suka share hawaye. Maigidanta, wanda aka yi shekaru ana roƙon ya leƙo aji yana cewa bayansa ƙalau, ran nan ya zo ɗaukar ta da wuri, ya tsaya bakin ƙofa ya saurara. Tun da aka yi auren, wannan ce maganarta ta farko da ya ɗauka gaba ɗaya. Washegari ya sayo sabuwa, ya sa almakashi ya raba tsohuwar gida huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafafun injin wankin da ya dame su da rawa. Injin ya nutsu. Malama ce jikinta bai daina rawa ba, mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi.

Marigayiya ta bar jakar da ake goya ta a ciki, da maɗauri guda, da tubalan soso biyu na dogarawa a aji waɗanda har yanzu ba a gaya musu rasuwar ba. Ta bar magajiya mai ruwan hoda, sumul, ba tabo ko ɗaya, wadda ba ta san komai ba kuma ba ta da abin tuna wa kowa. Ta kuma bar maigida, wanda ke zagaye falo yana jiran a gode masa.

Ba za a ɗauki gawa ba, domin da an zaro ta injin zai kama hanyar ƙofa, saboda haka inda take nan ne makwancinta. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin wanki gobe da safe. Ana roƙon masu ta'aziyya kada wanda ya ce wa Malama ta ja numfashi ta saki, ta san maganar, ita ta koyar da ita. Aji zai ci gaba ranar Alhamis a kan sabuwar tabarma. Kowa ya rufe ido ya saurari jikinsa kamar yadda aka koya masa, kuma don girman marigayiya, kada wanda ya kalli ƙafar Malama.