Kifin Roba a Tekun Yanbu

Wani ne a unguwar Harra ta Gabas a Madina, sana'arsa tallar agogo da turare a bakin otel-otel na alhazai. Agogon nan nasa lafiya lau yake bugawa har jirgi ya tashi daga Jidda. Turaren kuwa, kafin ka kai unguwar Anbariyya nan kusa ya koma ruwa.

Surukinsa Malam Barau, tsohon masunci ne da ya taso a bakin tafkin Chadi, kuma bai taɓa ganinsa da gashi ba. Ran nan matar mutumin, Hajo, ta haihu, tsohon ya ce a gaban jama'a, wai tunda ya ba shi 'yarsa bai taɓa shigo da abu na gaske gidan nan ba sai jaririn. Gogan naka ya fusata. Ya rantse ran suna sai an ci kifin da ya kamo da hannunsa, in ba haka ba kar ya sake zama tabarma ɗaya da maza.

Ya nufi haraj, kasuwar gwanjo, ya sayo kifin roba mai ƙugiyoyi a ciki, irin wanda ake ɗaura wa zare a ja shi a bayan jirgi. Da aka yi masa bayani cewa manyan kifaye ne ke ɗaukarsa na gaske su haɗiye, sai ya yi dariya.

"Ashe sana'ata ce," in ji shi. "Jabu ne, a sayar wa mai kwaɗayi."

Ya tuƙa tsohuwar motarsa Kirasida har Yanbu, a bakin Bahar Maliya, ya yi hayar ƙaramin jirgi mai inji na wani Bahaushen can, Usmanu. Suka shiga teku. Usmanu ya saki zare, ya ce jirgi zai riƙa tafiya a hankali, robar tana rawa a baya kamar mai gudun tsira. Mutumin ya ce sam, a kashe inji.

"Ya shehu, ai sai tana gudu suke bin ta."

"Ni za ka koya wa kasuwa? Ba a gudu da kaya sai in 'yan baladiya masu kamen 'yan talla sun taho. Tsaya su ga haja."

Aka tsaya. Roba ta taso saman ruwa ta kwanta rigingine. Ya jawo ta, ya goge da hannun riga, ya shafa mata turarensa, ya mayar. Shiru. Ya leƙa ruwa ya shiga yi wa kifaye talla da Larabci, ya koma Turkanci, ya taɓa ɗan Urdun da ya iya, har da rantsuwar cewa guda ɗaya ta rage. Wani kifi ya zo ya zagaya ta, ya kaɗa wutsiya ya wuce.

"Ka gani ko? Zai dawo. Haka suke yi, ya je ya tambayo farashi ne."

Har la'asar bai dawo ba. Usmanu ya tofar da yawu ya ta da inji, ya ce: "Malam, waɗannan ba alhazai ba ne. 'Yan gari ne, kullum suna nan."

Ga suna gobe, ga rantsuwa. Suna sauka, wani mai kifi a bakin hanya ya tare shi, ya kira shi habibi, wato masoyina, ya rantse yanzun nan aka fito da su daga ruwa, kuma saboda hasken fuskarsa ne kawai zai rage masa. Mutumin ya ji maganar ta kwanta masa. Ya cika buhu, ya saƙala robar a bakin mafi girma, ya kamo hanyar Madina.

Da safe ya zazzage a gaban baƙi, yana ba da labarin yadda babban ya kusa kifar da jirgi. Malam Barau ya ɗaga shi, ya juya, ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya ji ƙanƙara ba ta gama narkewa ba.

"Wannan ai karfasa ce, kifin kogi. Ko mahaukaciya ce ba ta shiga ruwan gishiri. A ina ka same ta?"

"Wallahi Baba, mutumin ya rantse min yanzu aka..."

Ya kama bakinsa. Tsohon ya zare robar ya miƙa masa.

"Ashe a Yanbu kai ne alhajin."