Rasuwar Gagarau, Injin Jirgin Maccido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Maccido mai jirgin fito na Fakku yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinsa, Gagarau, wanda aka tarar ya cika a cikin rumbu.

Da rani ya yi, gulbi ya janye har shanu na ƙetarewa da ƙafa, Maccido ya kwance marigayin, ya naɗe shi da buhu ya kwantar da shi kan gero, wai nan ɓarawo ba ya kaiwa. Ya manta ɓera na kaiwa. Da ruwa ya dawo bana, Maccido ya sauko da shi, sai ya iske an ci wayoyi an ƙoshi, zanzaro ya yi gini a hanyar ruwan injin, guntun fetur kuma ya daskare kamar ƙaro. Ya ja igiya har kafaɗa ta sage. Marigayin ya ce "kaf" sau ɗaya, bai ƙara ba. Makaniken da aka ɗauko daga Tambuwal ya duba, ya goge hannu, ya ce a yi haƙuri.

Gagarau mai taurin kai ne, bai taɓa tashi a jan farko ba, sai an lallashe shi. Amma in ya kama "tututu", mata masu tallar nono kan san lokacin ɗaukar ƙwarya ya yi. Ya ɗauki buhuna da babura, har da wani bijimi mai faɗa, bai taɓa barin kowa a tsakiyar ruwa ba. Ya bar jirgi ɗaya, da jarka, da maigida wanda ya yi kuka bai ɓoye ba.

An ga Na'iya, mai sabon inji, yana zagaya turken da Maccido ke ɗaure jirgi a bakin mashiga. Ya san dokar Sarkin Ruwa: jirgin da bai fita ranar kasuwar farko bayan cikar gulbi ba, turkensa ya zama na wani. To, ya haɗiye yawunsa. Masu sayen tsohon ƙarfe su ma su mayar da sikelinsu gida, ba a auna Gagarau.

"Injin na yam mutu, ba Maccido ba," in ji mai makoki. "Turken ga na ubana na, kuma da tuƙin hannu yat tsare shi."

Za a yi jana'iza ranar kasuwa da hantsi, a bakin mashiga. Ba za a haƙa rami ba. Za a ɗaure marigayin a mazauninsa na bayan jirgi, Maccido ya tuƙa da filafili har ƙetare. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da nasa filafilin, ya shigo. Na'iya kuwa ya yi tasa gaisuwar daga tudu.