Rasuwar Maɓallin da ke Tsare Ɗigo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Huzaifa Armaya'u, mai buga takardu a bakin kasuwar Batsari, nake sanar da rasuwar wani maɓalli na kwamfutata: ɗan karkataccen layin nan mai jingina da baya, maƙwabcin Enter. Ya rasu ranar Laraba kafin azahar. Ban sani ba sai la'asar.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Ƙas. Iyakar maganarsa ke nan. Amma duk wanda ya taɓa rubuta ƙa'idar nema da sauyawa a saitin manhajar rubutu ya san girmansa. A can, ɗigo in yana shi kaɗai ba ɗigo ba ne, yana nufin kowane harafi. Sai marigayin ya tsaya gabansa yake komawa ɗigo kawai. Haka yake riƙe tauraro da baka da alamar tambaya. Shekara huɗu bai bar ɗayansu ya yi ɓarna ba.

Ya yi jinya. Tun damina sai na danna sau biyu yake amsawa. Mannir mai gyara ya ce a canza kibod ɗin. Na ce sai an kwana biyu.

Kafin kakata Inna Safiyatu ta rasu bara, ta zaunar da ni ta faɗa min sunayen mutanenmu da ke kwance a maƙabartar ƙauyen da muka baro, can bayan garin Yasore. Suna ɗari biyu da sha ɗaya, kowa da layinsa. Duk inda ta yi shiru tana tunani, ina buga ɗigo-ɗigo ina jiranta. Ranar Laraba na ce bari in share ɗigogin nan in buga wa dangi a takarda. Na rubuta ƙa'ida a saiti: in an adana, a mayar da kowane ɗigo fili. Na danna marigayin. Na ji ƙas. Ashe ƙarar ce kawai, bai fito ba, ɗigon ya tsaya shi kaɗai, ya share kowane harafi. Na adana, na kashe kwamfutar ban duba ba, na tafi masallaci.

Babu kwafi.

Layukan suna nan, ɗari biyu da sha ɗaya, fari tas. Ɗan layin nan mai ƙiftawa a allon kwamfuta yana taka su gurbi-gurbi, ya tsaya daidai inda Inna ta tsaya. Ina ƙirgawa. Gurbi huɗu: Lado ne ko Indo? Layi na sittin gurbi sha tara ne, ban san inda suna ya ƙare shirunta ya fara ba. Wani lokaci ina zaune ban taɓa komai ba, in ji ƙas.

Ya bar ƙaninsa mai jingina gaba, wanda bai iya aikinsa ba. Ya bar ɗigo, babu mai tsawata masa. Ya bar ni.

Mannir zai cire shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a yi masa salla ba, roba ne. Zan binne shi gindin darbejiyar bayan shago. Zaman makoki kwana uku, a shagon. Kada kowa ya kawo abinci. Wanda yake da wani a maƙabartar ƙauyen nan namu, ko yana Karare ko Safana ko Katsina, ya zo min da sunan. Na tuna talatin da takwas. Sauran ina jira.