Sikelin Garin Lafiyalau

A wani gari da ake kira Lafiyalau, inda ba a taɓa jin wanda ya amsa gaisuwa da wata kalma daban ba, akwai wata tela mai suna Lantana. Ita ke ɗinka wa ƴan firamare kayan makaranta, saboda haka ta riga kowa sanin abin da ke faruwa. Wandon da a da yadi ɗaya ke isarsa, yanzu sai ɗaya da rabi. Mutanen gari kuwa murna suke yi, don a wurinsu yaro mai wuya uku shi ne shaidar ana dafa nama a gidansu.

Lantana ba ta yi murna ba. Ɗanta tilo, Mudi, shekararsa tara, amma daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Gwiwa na ciwo, barci a aji, ga haki kamar na tsoho. Tsoro ya kama ta, ta kai shi wurin Malama Sahura, nas ɗin asibitin gari.

"Maman Mudi, ki raba shi da lemon kwalba da biskit," in ji nas. "Ki rage masa tuwo, ki ƙara masa wake da zogale, ki bar shi ya yi guje-guje."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Mako bai zagayo ba aka mayar da Malama Sahura wani ƙauye mai nisa, bisa laifin raina ciwo.

Ba wai fada ba ta damu ba ne, kada a yi mata sharri. Sarki Ƙosau ya tara Majalisar Tausayin Yara. Sarkin Kasuwa, Alhaji Zaƙi, wanda duk rumfunan lemo da biskit na ƙofar makaranta nasa ne, har hawaye ya zubar. Nan take aka gina Zauren Ilimin Cin Abinci, kuma da yake babu wani fili a kusa, sai aka gina shi a filin ƙwallon yara. Kullum su zauna awa uku ana karanta musu illar zama wuri ɗaya. Wanda ya daure har ƙarshe a ba shi kwalbar lemo, ladan haƙuri.

Alhaji Zaƙi bai tsaya nan ba. Ya fito da wani garin magani a gwangwani, Rage-Tumbi. Yara suka ce da ɗaci, sai ya ƙara masa sukari da madara, saboda tausayi. Lantana ta zuba wa kajinta nata rabon. Cikin wata biyu kajin suka daina iya hawa katanga.

Da shekara ta cika, yara suka ƙara nauyi. Majalisa ta sake zama, sai Sarkin Awo, mai kula da sikelin fada, ya yi gyaran murya.

"Allah ya ja zamanin sarki, ni a ganina yaran ba su da laifi. Sikelin ne ke fara ƙirga da wuri."

Aka juya allurar sikeli baya da kilo goma sha biyar. Washegari aka yi shelar an gama da ƙiba a Lafiyalau, aka yanka shanu.

Ita dai Lantana maganar nas ta riƙe. Duk inda za ta kai ɗinki, da Mudi take tafiya, a ƙasa. Ya yi kukan lemo, ita ma ta shiga ɗaki ta yi nata. Maƙwabta suka ce rowa ce. Bayan wata takwas ta rage masa ƙugun wando sau biyu, kuma ran nan da idonta ta ga ya kori akuya har bakin kasuwa, ya dawo yana dariya. Rabon da ta ji daɗi irin na ranar har ta manta.

Sai ranar awon ƴan makaranta ta zo. Mudi ya hau sikeli. Sarkin Awo ya duba allura, ya cire tabarau, ya yi salati.

"Kilo goma sha biyar! Baiwar Allah, tamowa ce ke cin yaron nan."

"Ranka ya daɗe, ka dube shi mana. Ga ma tef ɗina, a auna shi."

"Tef ɗin naki yana da hatimin fada?"

Ba shi da shi. Aka wuce da Mudi Gidan Farfaɗo da Yara, kwana arba'in a kan gado, ba tashi. Sau biyar a rana ake dama masa wani sabon garin Alhaji Zaƙi mai suna Ƙara-Jiki.

Ranar ziyara Lantana ta zauna a gefen gadon, ta ɗauki gwangwanin Ƙara-Jiki tana jujjuyawa. Takardar jikinsa ta ɗan ɓanɓare. Ta sa farce ta ɗaga. A ƙarƙashi an rubuta Rage-Tumbi.

"Inna," in ji Mudi, yana haki, "wandon nan ya fara matse ni."

Shugabar gidan, da ke wucewa, ta ji shi. Ta tsaya, fuskarta cike da fara'a.

"Alhamdulillahi, sauƙi ya fara samuwa. Maman Mudi, ya mai jiki?"

Lantana ta dubi ɗanta, ta dubi dogarin da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Lafiya lau," ta ce.