Cin Ruwan Mahauci

Wani ne a unguwar Abakpa Nike ta Enugu, mahauci. Kullum yana tsaye cikin ruwan mayanka, sai cin ruwa ya kama shi. Tsakanin 'yan yatsun ƙafarsa ya yi fari, ya tsattsage, ga ƙaiƙayi. Ga shi kuma an ce ranar Juma'a ya je gaida Alhaji Indabawa, dillalin shanu, wanda mahaucin yake neman auren 'yarsa Halimatus Sa'adiya. Ba a shiga ɗakin Alhaji da takalmi.

Ya je kemis ɗin Lucas.

Lucas ya leƙa ƙafar, ya ja da baya. "Oga, ka shafa wannan safe da yamma. Kuma ka bar ƙafar a bushe, kada ruwa ya zauna mata. You hear?"

"Na ji."

Damina ce, Enugu ko'ina ruwa. Mutumin nan ya yi tunani mai zurfi. Ya sayi leda, ya naɗe kowace ƙafa, ya ɗaure da roba, ya sa safa, ya zura dogon takalmin mahauta. Da shi yake kwana, da shi yake wanka. Maganin kuwa, tunda kwance ledar zai ba ruwa hanya, a kan takalmin yake shafawa, safe da yamma.

Abokinsa Sagiru ya ce, "Ya jikin?"

"Da sauƙi. Har na daina jin yatsun."

Ranar Juma'a ya sa shadda, ya fesa turare. A ƙofar Alhaji ya yi sallama, ya zauna ya cire takalmi, ya warware leda. Kazar da ke kiwo a wurin ta ɗaga kai, ta fita daga gidan.

Ya shiga ya durƙusa. "Barka da yamma, Baba."

Alhaji ya yamutsa fuska. Ya ja hanci, ya ƙwala wa yaron gidansa kira. "Yunus! Saniya ta mutu a garke, kuna zaune!"

Gida ya rikice. Mutumin nan, don a ga hankalinsa, ya miƙe ba takalmi ya shiga nema. Aka ƙirga shanu, duk suna tsaye. Aka duba bayan gida, aka buɗe kwata, aka leƙa rijiya.

"Baba, tana kusa," in ji shi. "Wallahi duk inda na tsaya sai in ji kamar a kanta nake."

Alhaji ya sauke ido a hankali, ya bi layin ƙudaje har inda suka taru a ƙafafun mutumin nan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yunus, ku daina nema."

Mutumin nan ya gyara hula, ya sunkuyar da kai. "To Baba, maganar Halima fa?"

Alhaji ya toshe hanci da bakin rawani.

"Ɗana, je ka binne su tukuna. In an share makoki, sai ka dawo mu yi maganar aure."