Sandar da Ta Ƙi Dawowa

Shekara uku na yi a jami'a a Ostiraliya ina karantar al'adun mutanen ƙasar na asali, amma a Jidda ba abin da ake tunawa sai la'asar guda. Wannan adalci ne?

Na zo hutu da bumaran, lanƙwasasshiyar sandar jifansu. A filin garejin Kawu Idi da ke Khumra na tara dangi da ma'aikata, na yi musu lacca kan yadda take kewayowa hannun mai jifa.

"Yalla, maza, ɗana, jefa mu gani," in ji Kawu.

Na gyara tsayuwa, na wurga, na miƙa hannu ina jira. Sanda ta miƙe sambal, ta kifar da butar shayin Kawu, ta yi tsalle ta haure katanga. Ashe ta farauta ce, wadda ba ta dawowa. Ni da har jarrabawa na ci a kan bambancin!

"Halas? Shi ke nan?" Kawu ya tambaya, shayi na ɗiga daga gemunsa.

Yau shekara ashirin. Ina koyarwa, har na yi furfura, amma da na yi sallama sai Kawu ya dafe hula: "Ku sunkuya, jama'a, sandar Malam na hanya!"