Gaisuwar da ta Zura Mana Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tarbiyya ta kayar da ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu ba. Masana sun yi dogon rubutu kan abin da ke rusa dauloli: yaƙi, fari, cin amana. Har yau ban ga wanda ya ambaci gaisuwa ba.

Kwalejinmu a Lyon ƙarama ce, ƙungiyarmu ta fi ta ƙanƙanta. Ni ne gola (ba don ƙwarewa ba, ni kaɗai ne ban yi gardama ba da koci ya nuna raga). Kakar ta zo mana da wuya, amma zuwa ƙarshenta mun fara farfaɗowa. Wasan ƙarshe a Stains ne, gefen Paris, kuma canjaras kawai muke nema mu tsira daga faɗawa rukunin ƙasa.

Kuskurena ɗaya: na gaya wa mahaifina a waya. Shi kuma ya gaya wa amininsa Alhaji Mamman, ɗan Maraɗi mai shago a unguwar Goutte d'Or da ke Paris, wanda tun zuwana Faransa nake cewa zan je gaishe shi.

An kusa tashi, babu ci, 'yan wasanmu duk sun tattara a gidan abokan hamayya. Ina tsaye ina tsara yadda zan ba da labarin jarumtata, sai na ji murya a bayan raga.

"Kai, ɗan Malam! Haka ake yi? Ka shigo Paris ba ka neme ni ba?"

Alhaji ne, babbar riga a ƙarƙashin kwat, carbi a hannu. To, ku faɗa mini, wa ke amsa wa aminin ubansa da ƙeya? Na juya. Na cire safar hannu, don ba a miƙa wa babba hannu a cikin roba. Na durƙusa.

"Ina wuni, Baba Alhaji?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Ya sanyi? Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ƙafar mahaifiyarka? Ta samu sauƙi?"

Ina jin Ibro, ɗan Damagaram da ke tsaron bayanmu, yana kurma ihu: "Gola! Gola! Don Allah waiwayo!" Na ji shi sarai. Amma ba a yanke wa dattijo magana yana tsakiyar tambayar lafiyar uwarka.

Wani ɗan bayan abokan hamayya ne ya hango raga a buɗe, ya ɗaga ƙwallo tun daga tsakiyar fili. Ba ta ma zo da ƙarfi ba. Ta faɗo, ta yi tsalle, ta gangaro ta gefena a natse kamar ita ma gaisuwar ta zo yi, ta kwanta a gaban takalmin Alhaji.

Ya dube ta, ya dube ni. "Wannan taku ce ko tasu?"

Koci, Bafaranshe mai saurin fushi, ya tambaye ni ko addu'a nake yi. Na ce gaisuwa ce. Ya ce, minti nawa gaisuwar take ɗauka? Ibro ya ce, "Ai yanzu suka fara, ba su kai ga 'yan uwan uba ba."

Mun faɗa rukunin ƙasa. Alhaji kuwa ya kwashe mu duka zuwa Goutte d'Or, ya cika mu da dambu da gasasshen nama, har koci ya koyi cewa "lafiya lau". Ya kuma kira mahaifina a gabana ya shaida masa cewa Turai ba ta ɓata ni ba.

Abin da na koya: a gaida manya kafin a busa usur. A rukunin ƙasan muka san daɗin nasara, muka riƙa ci, bana kuma mun koma matsayinmu. Alhaji ba ya fashin kallonmu in mun zo Paris, yana tsayawa a bayan raga kamar kullum.

Golanmu na yanzu ɗan Portugal ne. Ba ya gaida kowa.